Kafin ka biya, ka san sau nawa aka latsa ta

Ka ce ka tara jika 200 kana son kyamararka ta farko, wai Canon ko Nikon, kuma wacce ta fi megafiksel, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoto. Ɗana, ku yaran yanzu lamba kuke saye, salula ta gama lalata muku ido. Megafiksel 18 ya isa a wanke hoton da zai cika bangon falon Alhaji. Canon da Nikon kuwa, ɗauki irin wadda abokan aikinka suke riƙewa, don ranar da batir ya mutu maka tsakiyar biki ka sami na aro. Da kuɗin nan ta hannu za ka nema, irin su Canon 600D ko Nikon D3200, da ɗan gilashinta na gaba (lens) mai lamba 18-55.

Ta hannun nan fa ita ce ta taɓa sa ni kwana ban runtsa ba. Lokacin da muke barin fim, wani dillali ya kawo mini kyamara har shago, tana sheƙi, da kwalinta da igiyarta. Ya rantse daga Faransa ta zo, wai ta wata tsohuwa ce da ba ta ɗauki komai da ita ba sai jikokinta. Moto na sayar na cika masa kuɗinsa. Ba a jima ba na karɓi aikin bikin ɗiyar wani babban ɗan kasuwa a Birni, har an ba ni kafin alƙalami. An yi ɗaurin aure lafiya, na ɗauka. Da yamma, daidai lokacin da za a fito da amarya, mata na guɗa, na latsa, sai ta yi wani ƙas ta tsaya. Na cire batir, na mayar, shiru. Ni da na ɗauki hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram tun ba a haife ka ba, ina tsaye cikin mata kamar ɗan kallo! Uwar amarya ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi, da ma zagin ta yi. Na mayar musu da kuɗinsu, kuma dangin nan kaf ba wanda ya sake kirana, ko suna.

Na kai ta Kano wurin mai gyara. Ya ce labulen cikinta, wanda ke buɗewa ya rufe duk ka latsa, ya cinye. Ƙananan kyamarorin nan wajen latsi 100,000 ake kimanta musu, ita ko ta wuce nan nesa. Wani mai sana'a ne ya tatse ta, aka goge aka sa a kwali. Da na koma wa dillalin, buɗar bakinsa sai cewa ya yi ciniki ya faɗa, ni na ɓata ta. Har yau muna haɗuwa a Kasuwar Dole. Sallamarsa nake amsawa, don addini ya ce a amsa.

Saboda haka a duba lissafin latsin kafin kuɗi su bar aljihunka. Nikon tana rubuta shi cikin bayanan kowane hoto, Canon sai an haɗa ta da kwamfuta. Mai kaya ya hana a duba, tashi ka ba shi wuri. Ka tsuke ƙofar hasken gilashin zuwa lambar f/16 ka ɗauki farin bango, duk ƙurar da ke ciki za ta fito ɗigo-ɗigo. In Nikon ce irin D3200, gilashin da ba AF-S ba, wato marar injin saiti a cikinsa, kamar tsohon 50mm mai harafin D, ba zai saita kansa ba, da hannu za ka yi ta murɗawa.

Kar ka zuba kuɗin duka a jikin kyamara. Ka rage na batir na biyu da katin memori na gaske. Na jabu zai nuna maka 64GB, ya cinye hotunan mutane ba ka sani ba. Hunturu kuma in na ga ka cire gilashi a waje cikin ƙurar garin nan, ni da kai ne.

Zancen ISO, wato saitin ƙarfin jin haske, da yadda ake riƙe kyamara kar ma ka ɗauko mini, wanda ya yi wata shida yana ɗaukar mini jaka ya kamata ya sani. In ka ga wadda ta kwanta maka, ka zo da mai ita shago bayan la'asar in duba.