Yadda gaiwa ke tsira idan tafki ya ƙafe

Malam, ka tambayi yadda gaiwa ke rayuwa bayan tafki ya ƙafe da bazara. Ruwa in ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take, shi ya sa karfasa ke mutuwa tun ruwan bai ƙare ba. Gaiwa kuwa huhu gare ta. Takan nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta bar 'yar kafar numfashi, tana rayuwa da naman jikinta da ke narkewa a hankali har damina. Na ga masu haƙar ƙasar gini sun tono ɗaya, sai ka ce busasshen icce. Aka jefa ta ruwa, ta motsa. Sanyi ma da gwaninsa: wani kwaɗo a Alaska, can arewacin Amurka, daskarewa yake, zuciyarsa ta tsaya, ƙanƙara na narkewa ya farfaɗo.