Amsar tambayarka a kan Babban Gwani

Ɗana, na ga saƙonka, Allah ya yi maka albarka. Ka ce abokanka na cewa aljanu ne suka gina tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, kana so ka ji ko haka muka taras.

Haka muka taras ana faɗa. Kakanninmu sun ce Malam Mika'ilu, wato Muhammadu Durugu da ake kira Babban Gwani, ba ya gini sai dare ya raba, gari na wayewa a ga bango ya tashi. Sun kuma ce da ya gama wani gini a Birnin Gwari, sarkin garin ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. A matsayin labarin baka nake ba ka waɗannan, haka kuma za ka riƙe su.

Amma mutum ne ya gina masallacin nan, a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Raina na ɓaci in na ji an kwashe aikinsa an ba aljani. Ka san azara daga giginya ake tsago ta, gara ba ta cinta, sai dai gajeruwa ce, ba ta ƙetare babban ɗaki. To shi sai ya riƙa dasa ta daga jikin ginshiƙi, ya ɗora wata a kan wata, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa, a ɗaure da igiya, a shafe da laka, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Bakan gizo ke nan. A kansa rufin ya zauna, ga zane a jikin ginshiƙan. Ba siminti, ba ƙarfe, tubali ne da ƙasa da lissafin da ke kansa.

Zancen dare kuwa, a ganina daga al'adar magina ya fito. Sana'ar gado ce, mai sarkinta, kuma ba sa koya wa bare sirrinta. Wanda bai ga yadda aka ɗaura azara ba, in ya ɗaga kai ya ga rufin, me zai ce in ba aljanu ba?

Daga baya an lulluɓe tsohon ginin da sabon masallaci na siminti. In ka zo hutu mu je tare, akwai kuma kwafinsa a gidan tarihi na Jos.

Ka gaida mahaifiyarka.