Amsar Gwaggo: Abin Da Za Ki Zuba A Mit-fai Na Hajiya Maƙwabciyarki

Ɗiyata, assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidan da mutanen unguwar Aboabo ta Kumasi. Kin ce a gidan da kuke haya akwai Hajiya da ta haura tamanin, haƙoranta saura kaɗan, kina son ki riƙa yi mata ƙananan mit-fai. Kina tsoron kada a ce amarya ta kai wa tsohuwa abincin 'yan boko, kuma ba ki san abin da ya dace ki zuba a ciki ba.

Cire wannan tsoron. Al'adarmu ba ta ware irin abincin da ake kai wa maƙwabci ba. Manzon Allah (SAW) ya ce wa Abu Zarri idan ya dafa romo ya ƙara ruwa ya tuna da maƙwabtansa, ya kuma hana mace raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Abin da mutane ke dubawa shi ne ko abin ya dace da bakin tsohuwar da jikinta, da kuma yadda ya shiga ɗakinta.

Kafin ki taɓa fulawa, ki sami wadda ke dafa mata abinci, 'yarta ce ko surukarta. Ki gaishe ta, ki ce kina son yi wa Hajiya ɗan abin taɓawa, me take ci, me likita ya hana ta. Wannan tambayar tana aiki biyu. Za ki san ko tana da hawan jini, ciwon suga ko gyambon ciki. Sannan matar ba za ta ɗauka kina nuna cewa ba a ciyar da tsohuwar ba, don a gidan haya irin namu na zango ƙaramin abu kan zama magana.

Ɓawon fai na tsoho ya zama mai rugurgujewa a baki. Fulawa giram 500, wato kofi huɗu, bota irin Blue Band giram 250, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya, gishiri rabin ƙaramin cokali, gyaɗar ƙamshi kaɗan. Ki murje botar da fulawar da kan yatsu har su zama kamar garin rogo, sai ki yayyafa ruwan sanyi babban cokali bakwai zuwa takwas, ki haɗe. Kada ki cuɗa shi irin na burodi. Cuɗawa ce ke sa ya yi danƙo, in ya gasu ya yi tauri, dasashin tsohuwa ba zai iya da shi ba. Ki rufe ya huta minti talatin, ki murza da kauri kamar rabin santimita ko ƙasa da haka, ki yanka da bakin kofin shayi. Zai ba ki kusan ashirin.

Yanzu abin zubawa, inda aikin yake. Duk abin da za ki sa, ki gwada shi tsakanin yatsa biyu. In ya murje ba tare da kin matsa ba, ya yi. Kuma ya kasance da laima, don busasshen ciki da busasshen ɓawo su ke shaƙe tsoho.

Na nama shi aka fi sani. Ki sayi tsoka giram 300 wadda ba jijiya, ki ce mai niƙa ya niƙa sau biyu. Ki soya albasa ɗaya yankakkiya ƙanana a mai cokali biyu har ta yi laushi, ki zuba naman kina farfasa shi da cokali don kada ya dunƙule. Ki kawo dankalin Turawa biyu da karas ɗaya da kika yanka ƙanana sosai, ki zuba ruwa kofi ɗaya, ki rufe a wuta kaɗan minti ashirin. Masu sayarwa kan bar karas da ɗan ƙarfi, ke kam ki bar naki ya nuna luguf. A ƙarshe ki dama fulawa babban cokali ɗaya da ruwa kaɗan ki zuba, ki juya minti biyu. Ita ke kama romon ya zauna cikin naman, ba ya tsiyaya ya jiƙa ƙasan fai ba. Na san mutanen Kumasi da son naman gwangwani a fai, amma gishirinsa ya yi yawa ga mai hawan jini. In dole ne, to rabin gwangwani da dankali mai yawa, kada ki ƙara gishiri ko dunƙulen magi.

Kifi ya fi nama sauƙin tauna, sai dai haɗarinsa ƙaya. In kin sayi bandar kifi a kasuwar Kejetia ko ta Asawase, ki jiƙa shi da ruwan zafi minti goma, ki cire fata da ƙashin tsakiya, sannan ki baza naman a faranti ki bi shi da yatsu sau biyu a wurin haske. Ido kaɗai ba ya ganin ƙananan ƙayoyin gefen ciki. Wanda ya fi kwanciyar hankali shi ne kifin gwangwani, sadin ko tuna, ki tsiyaye man, ki cire ƙashin bayan sadin ɗin. Ki haɗa da dafaffen dankali da kika marmasa, soyayyiyar albasa da tumatir ɗaya da kika cire 'ya'yansa. Koobi da momoni, wato kifayen da ake adanawa da gishiri, ki bar su wa miya, gishiri ne zalla.

Wanda na fi so ki gwada mata shi ne wagashi, wato cukun nonon shanu, da ganye, don ɗanɗanon da ta saba da shi ne. Ki sayi fari sabo wurin Fulani, ba soyayye ba, soyayyen yana da ɓawo mai tauri. Ki tafasa shi minti biyar, ki marmasa giram 200. Alayyafo ɗauri biyu, ki tsinke ganyen ki bar itacen, ki yanka siriri, ki turara, sannan ki matse ruwan da hannu sosai. Wannan matsewar kada ki tsallake ta. Ganye na riƙe ruwa, in ya ji zafin gashi sai ya sake shi, ki tarar da ƙasan fai ɗanye. In kontomire, wato ganyen gwaza, za ki sa, ya dahu sosai tukuna, don wanda bai nuna ba yana ƙaiƙayin maƙogwaro. Ki soya da albasa da ɗan agushi niƙaƙƙe cokali biyu, yana ƙara kauri da garɗi.

Akwai kuma dafaffen wake da aka surfe aka cire dusar, a marmasa da nunanniyar agade da ɗan manja. Yana da laushi da zaƙi, tsofaffi na son sa, amma ba na mai suga ba ne. Ita mai suga, ki rage dankali ma, ki ƙara ƙwai dafaffe da kabeji, kuma ɗaya ko biyu sun ishe ta a zama, tunda ɓawon kansa fulawa ce. Barkono da citta ki sa kaɗan ƙwarai. In tana son yaji, ki ɗebo shito, wato soyayyen yajin nan mai mai, a ƙaramin mazubi daban ta sa da kanta. Gyaɗa, koren wake da masara mai ƙwaya kada su shiga.

Ki bar abin zubawar ya huce sarai kafin ki ɗora a kan kwaɓin. Mai zafi yana narkar da botar, fai ya ƙi rufuwa. Cokalin shayi biyu ya isa kowane ɗaya, wanda aka cika shi ke fashewa. Ki shafa ruwa a baki, ki ninke, ki danne da cokali mai yatsu, ki huda sama sau biyu don tururi ya fita, ki shafa ƙwai. A oben, zafi digiri 180 na Salshiyos, minti 25 zuwa 30. In babu, ki zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya a kan kurfoti, ya yi zafi minti goma, ki ɗora faranti a kan 'yan duwatsu uku don kada ya taɓa yashin, ki rufe, ki sa garwashi kaɗan a kan murfin. Da ya yi ruwan zuma ki sauke. Kada ki jira ya yi ja, jan nan tauri ne. Ya sha iska kafin ki rufe, in kin ɗaure shi da zafi a leda zai yi gumi ya lalace da wuri.

Ranar farko ki kai da kanki, a kwano mai murfi. Ki yi sallama, ki durƙusa ki gaishe ta, ki miƙa da hannun dama ko biyu, ki ce ga ɗan abin taɓawa. Kada ki ambaci haƙora ko tsufa. Da hantsi ya fi, lokacin da take shan koko ko shayi, su za su taimaka mata haɗiya. In tana azumin Litinin da Alhamis, ki kai gab da magariba.

Ki sani tsohuwa ba ta cin abu ita kaɗai. In kin kai huɗu, jikoki za su cinye tana kallo tana murna. Ki kai goma sha biyu, ki ware nata huɗu a ƙaramin kwano, ki ce sauran na yara ne. Kuma ki faɗa wa mai kula da ita cewa na nama da na kifi ba sa kwana a waje da zafin nan. In ba firji, ko an ɗauke wuta, a ci a ranar. Tsofaffi kan ɓoye abu a ɗaki su ci gobe, cikinsu kuma ba ya jure abin da ya fara juyawa.

Daga baya kina iya aiken yaro. In ta ba shi tukwici, kada ki hana shi karɓa. Kwanon ma zai dawo da wani abu a ciki, goro ne ko sabulu ko 'yan alewa. Ki karɓa ki yi godiya, mayarwa raini ne. Amma in kin lura ba ta da hali, kada ki riƙa kaiwa kullum har ramawar ta zame mata nauyi. Sau ɗaya a mako biyu ya isa, kuma wani lokacin ki juye a kwanon gidansu ki dawo da naki a hannu.

Ki gaishe mini da Hajiyar.

Gwaggonki