Kafin ka ɗauki sifana, ɗauko waya

Ka tambaye ni me ya sa nake tilasta muku ɗaukar bidiyo kafin a kwance ko noti ɗaya, alhali kiran minti biyu ya isa a gaya wa mai mota abin da ya lalace. Ka ce ɓata lokaci ne da ƙona data. To ajiye tsumman nan ka zauna, yaro.

In ka kira Alhaji yana ofis ka ce masa boljoyin, wato gaɓar da ke riƙe ƙafar mota, ya tafi, abin da kunnensa ya ɗauka kuɗi ne kawai. Kuma mutane sun sha wuya a hannun wasu 'yan sana'armu, kai ma ka sani: a wanke tsohon kaya a mayar, a karɓi kuɗin sabo a sayo ɗan Beljiyam. Duk wanda ya kawo maka mota, ko yana dariya, da ɗan zarginsa ya shigo. Rantsuwa ba ta wanke ka a wurinsa, don wanda ya cuce shi bara ma ya rantse. Gani ya kori ji.

Bidiyon farko na karɓar mota ne, shi kuka fi rainawa. Tun mai ita ko direbansa bai bar gareji ba, ka fara da lambar mota, ka zagaya bodi a hankali, inda ta ƙarje ko ta lotsa ka tsaya ka nuna da yatsa. Ka buɗe but a ga safaya da jak. Ka kunna ta ka ɗauki dashbod: kilomita nawa, ina mai ya tsaya, wace fitila ce a kunne. Sannan ka duƙa ka haska indomi. Tukunyar nan ta jikin salansa akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, shi ya sa ake fafe ta. Sau da yawa an riga an yi wa mota wannan aika-aikar a wani wuri, mai ita bai sani ba sai ranar da wani ya gaya masa, kuma garejin ƙarshe da ya je shi zai tuna. In ka ga tabon walda a jikinta, matso da waya ka faɗa da bakinka.

Na biyu shi ne na bincike, kuma a nan ake gane wanda ya iya. Goge gilashin kamara tukuna, hannunmu kullum da baƙin mai. Ka riƙe tocila ko da rana tsaka, ƙarƙashin mota duhu ne. Kada ka fara da manna waya a jikin ƙarfe, mutumin ba zai san ina yake kallo ba, ba zai ma tabbatar motarsa ce ba. Fara daga nesa a ga motar, ka ce "ƙafar gaba ce ta ɓangaren direba", sannan ka matsa.

Abin da ke motsi, a gan shi yana motsi. An ɗaga mota, an sa mata abin tokare, ba jak kaɗai ba, ban yarda kowa ya shiga ƙasa a kan jak ba ko don bidiyo ko don uban bidiyo. Ɗaya ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, kai kana haska boljoyin. Ya kama hagu da dama, kai kana kan tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota. In akwai wasa, mai mota zai ga ƙarfen yana rawa a mazauninsa, ya ji ƙwas-ƙwas ɗin. Don haka a kashe rediyo, mai gurinda ya dakata. Ƙarar nan ta fi duk bayanin da za ka yi.

Abin da ya cinye kuma, a auna shi. Fad ɗin birki sabo yakan kai milimita 10 zuwa 12, in ya sauko wajen 3 lokacin canji ya yi. Ɗora tsohon kusa da sabo a tafin hannunka, ko Hajiyar da ba ta taɓa buɗe bonet ba za ta gane. Taya tana da lambobi huɗu a gefe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. Nuna masa, don tayar Beljiyam takan zo da zanenta raɗau amma robar ta tsufa ta fara tsattsagewa.

Yoyon mai ne ke yaudarar yara irinka. Ka ga ƙasan inji jage-jage ka ɗauka ka tura, ka ce daga ƙasa ne. Mai gangarowa yake yi, iska kuma ta kora shi baya. Gasket ɗin saman inji zai iya jiƙa komai har ƙasa. Wanke wurin, ka bar inji ya yi zafi, ka ɗauki inda ɗigon farko ya ɓullo. Haka kwamfutar da muke jona wa mota don gano matsala. Ɗauki fuskarta kafin ka goge komai, amma kada in ji ka ce "kwamfuta ta ce a canza kaza". In ta nuna lambar P0300, cewa take inji na tsallake wuta, ba ta ce fulogi ba ne, ba ta ce koyil ba ne, ba ta ce nozul ba ne. Kai za ka gano, sannan ka nuna.

Sai bakinka. Wasu in sun riƙe waya sai su koma masu wa'azin mutuwa: "Alhaji, wallahi Allah ne ya tsare ka." Ban son wannan. Faɗi wanda ba za a hau titi da shi ba, faɗi wanda zai iya jira zuwa ƙarshen wata, ka kuma nuna abu ɗaya ko biyu da ka duba ka samu lafiya. Mutumin da ka ce wa shokozobansa ƙalau suke, shi zai yarda da kai in ka ce birki ya mutu. Kuɗinsa ne, shi zai zaɓi abin da za a fara. Kada ka zagi bakaniken da ya taɓa motar kafin mu, nuna aikin ka yi shiru.

Farashi ba ya shiga bidiyo. Kaya a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano yau da gobe ba ɗaya ba ne, sai an kira shago an ji, sannan a rubuta masa daban, kuɗin kaya da kuɗin aiki kowanne a layinsa. Ba a taɓa komai sai ya amsa da "a yi", a rubuce ko da murya, kuma amsar nan ba a goge ta.

Kada bidiyo ya wuce minti biyu, mai aiki ba zai kalli na minti goma ba. WhatsApp yana matse bidiyo, ƙaramar tsaga sai ta ɓace, in abin siriri ne tura shi a matsayin fayil, ko ka haɗa da hoto. Takardun mutum da abin da ya bari a kujera ba ruwan kamararka da su, motar mutane kuma ba ta hawa TikTok sai da izininsu.

In an gama, a ɗauki sabon kayan a kwalinsa, a sake ɗaukarsa a jikin mota, tsohon a sa a leda a ajiye masa a but. Gobe motar da ta fara shigowa kai za ka ɗauka. Ka turo min in gani kafin ka tura wa mai ita.