Takardar ba ta kare kaɗai ba ce

Sani, jiya da muka fito daga ɗakin karnuka ka ce mini: "Oga, karen nan da takardarsa ya zo, an gama horar da shi. Don me kuma za a ce sai an yi mana jarrabawa ni da shi?" Na ga ranka ya ɗan sosu, shi ya sa na bari ka kwana tukuna.

Takardar da ya zo da ita tasa ce shi da wanda ya riƙe igiyarsa a can. Ranar da igiya ta canza hannu, takarda ta tashi daga aiki. Duk inda ake wannan sana'a da gaske, mutum da kare ake jarrabawa tare. A Ingila ɗan sanda da karensa na sintiri sukan yi kwas na kusan mako 13, a ba su lasisi, kowace shekara kuma su koma a sake gwada su. A Amurka yawanci ana neman aƙalla awa 16 na bita kowane wata, ko da karen ya shekara biyar yana aiki.

Kada ka zaci hancinsa ake zargi. Kai ake tsoro. In ka san gwangwanin da aka ɓoye wiwi a ciki, ƙafarka za ta rage sauri in kun iso wurin, igiya ta ɗan ɗame, ka riƙe numfashi, duk ba ka sani ba. Shi kuwa yana karanta ka fiye da yadda kake karanta shi. Sai ya zauna, ka jefa masa ƙwallo, ka tafi kana murna, alhali kai ya sansano, ba kaya ba. A 2011 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya ta Davis sun wallafa gwajin da suka yi kan wannan: masu karnuka 18, aka ce musu an ɓoye kaya, har aka liƙa jar takarda a matsayin alama. Ba ƙwaya ba nakiya a wurin, amma sai da aka nuna "akwai" fiye da sau 200. Don haka jarrabawa ta ƙwarai ita ce wadda ba ka san inda kaya yake ba, wani ɗakin ma babu komai. Fita daga ɗaki ka ce "babu" ya fi ba sabon hannu wuya.

Sauran sanannu ne. Karen neman nakiya zama yake shiru in ya samu, wanda ya kai dagi ya tona ya faɗi jarrabawa nan take. Na sintiri kuma, kowa na son ganin cizo, mu sakin muke duba. Ka ce ya saki bai saki ba, ya zama abin tsoro, ba abokin aiki ba.

Littafin horon nan da kake ƙyuyar cikawa, shi ne bakin karenka a kotu. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da ta shafi wani kare mai suna Aldo a Fulorida, kuma shaidar horonsa da jarrabawarsa aka dogara da ita aka karɓi bincikensa. Rubuta rana, wuri, abin da aka ɓoye, har da ranar da ya kuskure. Littafin da ba kuskure a cikinsa ni ban yarda da shi ba.

Akwai kuma abin da takardar Turai ba za ta gaya maka ba. Zafin Birnin Kebbi a Afrilu yakan wuce 40. Kare da haki yake huce jiki, mai haki kuma ba ya sansana da kyau. In an tura ku binciken motoci a hanyar Kamba, ɗora bayan hannunka a kwalta, in ta ƙona ka to shi ma haka. Ruwa, inuwa, aiki kaɗan-kaɗan. Da yamma duba kaska a kunne da tsakanin yatsu, katin rigakafin haukan kare kuma kada ya wuce lokaci.

Gobe bayan asuba ka zo da littafin. Na sa Kofur ya shirya ɗakuna huɗu, ni ma ban tambaye shi wanne ne fanko ba.