Amsa kan Wi-Fi da ke yankewa tsakanin ofis da azuzuwa

Assalamu alaikum. Malam, ka ce kun sa rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi) biyu a makarantarku da ke wajen Ringim, ɗaya a ofis, ɗaya a ɓangaren azuzuwa, amma duk wanda ya tashi daga nan zuwa can sai intanet ta yanke masa. Irin wannan ta taɓa samun mu a wani ƙaramin asibitin ƙauye da nake kula da kwamfutocinsa, inda ma'aikaciya za ta fara cike bayanan mara lafiya a kwamfutar hannu, tana tsallaka tsakar gida zuwa ɗakin magani sai aikin ya tsaya cak.

Tushen matsalar shi ne kowace rauta tana cin gashin kanta, tana raba nata adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita, don haka na'ura na sauya wuri sai a ba ta sabon adireshi, abin da take yi ya katse. Ka bar DHCP, wato tsarin da ke raba adiresoshin, a kunne a rautar da intanet ke shigowa kaɗai, ka kashe shi a ta biyun. Idan ta farko tana kan 192.168.1.1, ka kafe ta biyu a 192.168.1.2, ka tabbatar wannan adireshi ba ya cikin adiresoshin da ake rabawa, sannan ka haɗa su da kebul ta ramin da aka rubuta LAN, ba na WAN da intanet ke shigowa ta ciki ba, kuma kada tsawonsa ya wuce mita 100. Sunan Wi-Fi da kalmar sirri da tsarin tsaro, misali WPA2, su zama iri ɗaya sak a rautocin biyu, amma tashar da kowace ke watsa sabis (channel) ta bambanta: a 2.4 GHz ka zaɓa daga 1 da 6 da 11.

Abin da ya fi ba ni wahala kafin in gane shi ne, wayar ce ke yanke shawarar sauya rauta, kuma takan maƙale wa ta nesa ko da sabis ya koma sanda ɗaya. Sai da na rage ƙarfin rautocin biyu zuwa matsakaici sannan wayoyi suka fara saki da wuri. Idan rautocinku suna da 802.11r, wato tsarin da ke hanzarta sauya rauta, ka kunna, amma ka gwada da tsofaffin wayoyin malamai, domin wasu ba sa jituwa da shi.

Kebul ɗin kuwa ka zura shi cikin bututu ka binne, kada ka rataya shi daga kwano zuwa kwano, saboda tsawar damina.