Ku Tambayi Malamin Gona: Na yi ritaya, uwargida ta ce na cika mata gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bara na ajiye aiki bayan shekara 35 a sashen kuɗi na wata ma'aikatar gwamnati. Da farko na ji daɗi, na rama barci. Yanzu kuwa wuni tsawo yake yi mini. In na dawo daga masallaci da asuba, daga rediyo sai waya har azahar. Uwargida ta fara cewa na cika mata gida, wai har man da take zubawa a miya nake sa wa ido. Abokan aiki kuma sai a ɗaurin aure ko jana'iza. Akwai ɗan fili a bayan gidana, taku goma da taku shida, da rijiya. Babban ɗana ya ce in yi lambu, amma rabona da fartanya tun ina firamare. Zai yiwu kuwa, ko 'yan kuɗin fanshon zan ɓata?
Ɗan fansho, Tudun Wada, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, barka da sauke nauyi lafiya. A gaida Hajiya, a kuma faɗa mata ina bayanta. Mutumin da ya shekara 35 yana bin diddigin kuɗin gwamnati, in aka zaunar da shi a tsakar gida hannu rabbana, ai kan man miya zai koma.

Zai yiwu mana. Amma ina roƙonka abu guda: kada ka shiga kasuwa tukuna. Na sha ganin manyan ma'aikata, da kuɗin sallama ya faɗo sai a sayo injin ban-ruwa, da tiyo, da irin shuka na gwangwani kala-kala, da magungunan feshi, a kashe kuɗin da zai sayi ganyen miyar shekara biyu, bayan wata uku injin yana ɗakin ajiya. Fartanya, bokiti da igiyar guga sun ishe ka. Abin da ya cancanci kuɗinka na farko shi ne shinge. In akwai kaji a gidan, ko akuyar maƙwabta tana da hanyar shigowa, to su za ka yi wa noma.

Kada ka nome filin duka. Ka ware fangali uku a inda rana ke samu aƙalla awa shida, faɗin kowanne kada ya wuce mita ɗaya, yadda hannunka zai kai tsakiya ba sai ka taka ba. Ƙasar bayan gida yawanci cike take da ɓaraguzan siminti da leda tun lokacin gini, sai ka tsince su, ka kafce kamar taƙi ɗaya, ka gauraya da takin gida wanda ya ruɓe sosai. Ka ɗebo shi a hannu ka shinshina: in ya yi baƙi, yana warwatsewa, ba ya wari, ya yi. Ɗanyen kashin kaji ƙona shuka yake yi. In ƙasar ta ƙi, ka nemi tsofaffin buhunan shinkafa ka huda gindinsu, ka cika da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya, yashi kashi ɗaya.

Ka fara da alayyafo, don shi ba ya ba mutum kunya. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai ka cakuɗa da yashi kafin ka watsa, in ba haka ba zai fito a cunkushe wuri guda. Cikin kwana uku zuwa biyar za ka ga ƙasa ta yi kore-kore, cikin sati uku zuwa huɗu an fara yanka. Fangali na biyu ka ba kuɓewa: ka jiƙa irin ya kwana, ƙwaya biyu a rami, tazarar kamu ɗaya. Wajen wata biyu take fara 'ya'ya, kuma daga nan ba ta jiran kowa, duk bayan kwana biyu sai an tsinka. Ka karya ɗan bakinta da yatsa, in ya ce ƙas to ɗanya ce, in ya lanƙwashe ta tsufa, sai dai a yanka a shanya. Na ukun ka bar shi sai bayan sati biyu ka sake watsa alayyafo, don kada ganyen ya zo maka lokaci guda ya yanke lokaci guda. A jikin katanga ka kafa sandunan zogale biyu ko uku, in sun kai ƙirjinka ka datse kansu su yi rassa, in ba haka ba za su miƙe sama sai da sanda ake kaɗo ganye. Damina in ta sauka, yakuwa da rama kusan da kansu suke yi.

Na san tumatir ne a ranka, kowa ma haka. Ka bar shi sai sanyi. A yi renon iri a Oktoba, a dasa bayan sati uku zuwa huɗu, hunturu ya same shi da ƙarfinsa. Shi ne ya fi kowane kayan lambu shagwaɓa da jan ƙwari. Ba ka manta 2016 ba, da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A ɗan lambu irin naka ido ya fi magani: ka riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa, wanda ka ga an yi masa farin zane a ciki ka cire ka ƙona. Ga ƙananan ƙwari masu manne wa ganye kuwa, ka daka ganyen darbejiya ka jiƙa ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu kaɗan, ka yayyafa da yamma. Kai da kake Zariya ma ka huta, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da NAERLS, wato cibiyar wayar da kan manoma, duk a Jami'ar Ahmadu Bello, ka je ka yi tambaya a kan iri.

Ban-ruwa da sassafe ko bayan la'asar. Ka ajiye baho a inda kake alwala, ruwan ya tafi gindin zogale, amma ban da ruwan wanki mai omo. Maris da Afrilu in rijiya ta ja baya, ka rage fangali, ka lulluɓe sauran da busasshiyar ciyawa. Ƙarfe tara na safe ka ajiye fartanya, kuma ka samu 'yar kujera ta tsugunno saboda gwiwa da ƙugu.

Batun kuɗi: lambun taku goma ba zai ƙara maka fansho ba. Zai rage kuɗin ganye a cefane, shi ke nan. Kada ka buɗe masa littafin lissafi, na san halinku.

Sai dai Alhaji, da na karanta wasiƙarka, layin da ya tsaya mini shi ne na abokan nan da sai a jana'iza. Lambu ba ya maganin wannan da kansa. Na san waɗanda ya ƙara ɓoye su, suna bayan gida daga su sai shuka, a unguwa har ana tambaya ko tafiya suka yi. Zumuncin ofis, ofis ɗin ne ke riƙe da shi, kullum ƙarfe takwas yana tara ku ko kuna so ko ba kwa so. Yanzu da babu shi sai an nemi dalili, kuma dattijo yana jin nauyin ya ƙwanƙwasa ƙofar wani haka kawai. To alayyafo zai ba ka dalilin. Fangali ɗaya ya fi ƙarfin tukunyar gida guda. Ka ɗaure dami biyu, kada ka aiki yaro, ka taka da kanka zuwa gidan tsohon abokin aikinka ka ce ga na lambuna. Ba zai bar ka a tsaye ba, sai an shimfiɗa tabarma.

Kuma tunda maza ba za su ratsa maka tsakar gida su je ganin lambu ba, ka shuka attaruhu a buhu biyu ka fito da su ƙofar gida, ka kewaye da waya, ka ajiye benci a gefe. Bahaushe ba ya iya wuce shuka bai ce komai ba. Mu a majalisarmu ta bayan la'asar akwai tsohon hedimasta da tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, babu wanda ya taɓa karanta aikin gona a cikinsu, amma kullum sai sun gyara mini. Hedimasta ya kan tsuguna ya murza ƙasar da yatsa ya ce ruwa ya yi yawa, ɗan reluwe ya ce ƙishi take ji, a kan wannan sai a kai magariba, shayi ya huce ba a sha ba. In naka suka zo da irin wannan, kada ka yi musu gardama sosai, ka ba su iri su je su gwada a gidajensu.

TAMBAYA: Malam, ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Tumatirina ya yi ganye shar, yana fure, amma furen zubewa yake yi, ko ɗa ɗaya babu. Na ƙara masa taki sau biyu. A watan Fabrairu na dasa.
Wata Hajiya, Katsina

AMSA: Hajiya, ba yunwa ke damunsa ba, zafi ne. In rana ta haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma bai yi sanyi ba, furen tumatir ba ya ɗaukar ciki, ga shi Katsina a Afrilu tana kai 40. Takin da kika ƙara, in yuriya ne, ganye ya ƙara masa kawai. Ki daina. In kina son ki gwada sa'a, ki kafa masa rumfar zana da za ta tare ranar azahar, ki lulluɓe gindinsa da ciyawa. Ni dai da nawa ne, zan tuge rabi in shuka kuɓewa a wurin, don ita zafin take so, tumatir kuma a sake renonsa a Oktoba.